Komawar Ƙoƙon Gwiwa Mazauninsa Ba Warkewa Ba Ce

An daɗe ana cewa idan ƙoƙon gwiwa ya goce ya koma, shi ke nan, sai a ɗaure ƙafar a kwanta har ciwon ya lafa. Wannan fahimtar ta bar mutane da yawa da gwiwar da ba sa iya dogara da ita.

Kusan kullum ta gefen waje ƙoƙon yake gocewa, kuma a hanyarsa yakan yaga jijiyar da ke riƙe shi ta gefen ciki. Ya koma ko bai koma ba, yagewar tana nan. Wani lokacin ma guringuntsi kan ɓantare, shi ya sa ake ɗaukar hoto.

Dogon kwanciya kuwa tsokar gaban cinya yake cinyewa, alhali ita ce linzamin ƙoƙon. Bayan mako 2 ko 3 ka gwada cinyoyin biyu, za ka ga mai ciwon ta rame. Abin da ya fi damuna shi ne matasa, don a wurinsu gocewar ta fi maimaituwa.

Likitan gashin ƙashi yana farawa da wuri, a hankali. Ka miƙe ƙafa a shimfiɗa, ka danne bayan gwiwa ƙasa har cinyar ta yi tauri, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki. Daga baya a shiga lanƙwasawa, da ƙarfafa tsokar ƙugu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Tafiyar yau da kullum takan daidaita wajen mako 6, amma gudu da ƙwallo sai an yi watanni, bayan likitan ya gwada ƙarfin ƙafar ya gamsu.