Fim ɗaya, hukumar tacewa biyu: me doka ta ce?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22 a lokaci guda, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa. Nan take 'yan kallo suka shiga cece-kuce. Wasu suka ce lallai an hango wani abin assha a ciki, wasu suka ce siyasa ce kawai. Amma tambayar da ta fi ma'ana ita ce wadda ake yi a shagunan tura fim a waya, inda matasa ke tsaye suna jiran a zuba musu sabon fitowa: ba akwai hukumar tacewa ta tarayya ba? In tana nan, me ya kawo Kano cikin maganar?

Da farko dai, hukumar ba ta ce ta ga wani mugun abu a waɗannan shirye-shirye ba. Ƙorafinta shi ne ana sakin su ba tare da an fara kawo mata ta duba ba. Wato laifin na tsallake ƙofa ne. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren dokar, domin ita tacewa izini ce da ake nema kafin a saki fim, ko da kuwa wa'azi ne daga farkonsa har ƙarshe.

Amsar tambayar 'yan kallo tana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Kundin ya kasa ikon yin doka: akwai abubuwan da Majalisar Tarayya ce kaɗai ke da hurumi a kansu, kamar soja da kuɗin ƙasa, akwai kuma waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu. Tace fina-finai yana cikin kashi na biyu, a sakin layi na 16 na jerin ikon haɗin gwiwa. Sakin layin ya ba Majalisar Tarayya damar kafa hukumar da za ta tace fina-finai, ta hana ko ta taƙaita nuna su. Sai ya biyo da sharuɗɗa biyu. Na farko, wannan bai hana majalisar dokokin jiha kafa irin wannan hukuma tata ba. Na biyu, kuma shi ne mai nauyin, wannan bai halatta nuna fim a cikin wata jiha ba tare da amincewar hukumar da dokar jihar ta kafa ba.

A al'ada, idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye. Sashe na 4 na kundin ne ya faɗi haka. Shi ya sa mutane da yawa, har da wasu furodusoshi, ke ɗaukar cewa takardar Abuja ta wadatar. A nan kuwa kundin da kansa ya keɓe wa jiha haƙƙinta. Takardar tarayya kamar tikitin mota ce: za ta kai ka bakin gari, amma in garin yana da mai tsaron ƙofa, sai ka yi masa sallama. A jihar da ba ta kafa tata hukumar ba, takardar tarayya ta ishe ka. Kano kuwa ta kafa.

Yadda aka yi ta kafa ma yana da labari. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim a watan Disambar shekarar. Sana'ar da dubban matasa ke ci a cikinta ta tsaya cak. Dokar da ta kafa hukumar tacewa a 2001 ita ce mafitar da aka samu: a ci gaba da fim, amma ƙarƙashin sa ido. Abin da ake yawan mantawa ke nan in ana zagin hukumar, cewa a asalinta ita ce ta sake buɗe kasuwar. Hurumin da aka ba ta ya wuce fim ɗin kansa. Ya haɗa da rajistar kamfanoni da 'yan wasa da mawaƙa, da lasisin gidajen silima da gidajen kallo da masu sayar da fim, har da littattafai, abin da ya sa ake ganin ɗab'i a sunanta.

Tsananin dokar yana bin hannun wanda ke riƙe da ita. Daga 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar, an dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka fito da sababbin ƙa'idoji, kotun tafi-da-gidanka kuma tana yanke hukunci cikin gaggawa. 'Yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Shari'ar da ta fi nuna yadda sakin layi na 16 ke aiki a zahiri ita ce ta Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. An tuhume shi da sakin fim ɗinsa Tsintsiya a Kano ba tare da tacewar hukumar jihar ba. Shi kuma ya ce fim ɗin yana da takardar hukumar tarayya, kuma ba a Kano ya sake shi ba. Duk da haka aka ɗaure shi a ƙarshen 2008, sai bayan kusan wata uku ya fito, da maganar ta kai babbar kotu. A lura da inda gardamar ta tsaya: a kan ko fim ɗin ya shiga kasuwar Kano ko bai shiga ba. Ikon hukumar jiha iyakarsa iyakar jihar.

Ita kuwa hukumar tarayya, wadda aka fi sani da NFVCB, dokar soja mai lamba 85 ta 1993 ce ta kafa ta, kuma salon aikinta daban ne. Ta fi ƙarfi wajen rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Waɗannan haruffa da lambobi da ake gani a kusurwar fosta ko a gaban kantar sayar da tikiti a gidajen silima na zamani nata ne. G na kowa da kowa ne. PG yara za su iya kallo amma da kulawar iyaye. 12 da 15 da 18 shekarun da sai an kai su ne. 12A kuwa yaron da bai kai sha biyu ba zai iya shiga in yana tare da babba. Akwai kuma RE, fim ɗin da aka taƙaita inda za a nuna shi. Don haka idan mai yagar tikiti ya tare ɗan shekara goma sha huɗu a ƙofar fim mai lamba 18, ba wulaƙanci ba ne, lasisin gidan yake karewa. A 2024 hukumar ta ƙara da wata ƙa'ida da ta hana ƙawata shan sigari da tsafin neman kuɗi a fina-finai da bidiyon waƙoƙi da gajerun barkwanci.

Bambancin a fili yake. Tarayya tana tambayar wa ya dace ya kalli wannan fim, Kano tana tambayar ko ya dace da addini da al'adar mutanen jihar. Saboda haka fitowar da za ta wuce a Abuja da lamba 15 tana iya gamuwa da almakashi a Kano. A 2021 ma, zamanin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallah, hukumar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A nawa ganin an wuce gona da iri a nan, domin labarin da ya nuna yadda ƙwacen waya ke ƙarewa da mai yinsa ya fi hana yaro fiye da yin shiru. Amma ta fuskar doka hukumar tana da abin dogaro: sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyya da zaman lafiya, matuƙar taƙaitawar ba ta fita daga hankali ba.

To ɗan kallo fa? Nauyin dokar yana kan mai shiryawa da mai rarrabawa da mai nunawa a bainar jama'a. Mai gidan kallo da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa yana ciki, haka mai shagon tura fim. Wanda ya kwanta a ɗakinsa yana kallo a waya ba shi ake nema ba.

Inda igiyar ta yi sako-sako shi ne talabijin da intanet. An rubuta sakin layi na 16 ne da tunanin majigi da allon silima, tun kafin a san YouTube, wadda sai a 2005 aka ƙirƙira. Harkar watsa shirye-shirye a tashoshin da ba na gwamnatin jiha ba tana cikin ikon tarayya zalla, ƙarƙashin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa. Shirin da aka ɗora a YouTube kuma mai kallo a Damagaram ko Kumasi ko Jidda yana ganin sa daidai lokacin da na Fagge ke gani. Shin wannan nunawa ce a cikin jihar Kano? Lauya zai iya kare kowane ɓangare. Sai dai a aikace hukumar tacewa ta Kano, wadda aka naɗa Abba El-Mustapha ya shugabance ta a 2023, ba ta buƙatar taɓa YouTube. Ofisoshin kamfanonin suna Kano, yawancin 'yan wasan a Kano suke kwana, a lungunan Kano ake kafa kyamara, lasisin kowannensu kuma a hannunta yake.