Karatun Labarin Ƙasa a Matakin Digiri na Biyu da na Uku a Najeriya

Karatun labarin ƙasa a matakin gaba da digirin farko shi ne zurfafa ilimi da ɗalibi ke yi a jami'a, inda yake tashi daga sauraron darasi da rubuta jarrabawa kawai, ya koma yin bincike na ƙashin kansa a kan wani yanki ko wata matsala da ta shafi ƙasa da mazauna cikinta. A Najeriya matakan uku ne: babbar difloma, digiri na biyu, sai digiri na uku da ake wa laƙabi da digirin digirgir. Fannin ya kasu gida biyu manya. Akwai ɓangaren halittar ƙasa, mai nazarin yanayi, ruwa, ƙasar noma da tsirrai, akwai kuma ɓangaren ɗan Adam, mai duba yawan jama'a, birane, ƙaura, kasuwanni da sufuri.

Asali

Daga Turai tsarin ya zo. A shekarar 1820 aka ba Carl Ritter kujerar koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Berlin, ana kuma lissafa ta cikin na farko-farko a duniya. A Ingila, Halford Mackinder ya fara koyar da fannin a Oxford a 1887. Jami'ar Chicago ta Amurka ta buɗe sashensa a 1903. Ba ko'ina fannin ya samu karɓuwa ba, domin Jami'ar Harvard ta rufe nata shirin a 1948.

Zamanin Ibadan

A wannan shekarar ta 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan, labarin ƙasa kuwa yana cikin darussan da aka soma da su. Malaman farko Turawa ne, irin su K. M. Buchanan da J. C. Pugh, waɗanda suka fitar da littafi kan ƙasa da mutanen Najeriya a 1955. A lokacin, duk wanda ke son wuce digirin farko sai ya ƙetare teku. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Najeriya ta kafu a wajajen tsakiyar shekarun 1950, ta kuma riƙa fitar da mujallar da matasan masu bincike ke buga ayyukansu na farko.

Fitaccen ɗan wannan zamani shi ne Akin Mabogunje, wanda aka haifa a Kano a 1931. Ya yi karatu a Ibadan, ya samu digirinsa na uku a Landan a 1961, ya dawo ya zama farfesa a Ibadan. Littafinsa na 1968 kan bunƙasar birane ya nuna cewa biranen Najeriya suna da tarihi da tsarin kansu tun kafin zuwan Turawa, a lokacin da da yawa ke auna birnin Afirka da ma'aunin birnin Turai. Ya shugabanci Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Duniya daga 1980 zuwa 1984, shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Ya ba da shawara wajen tsara Abuja, ya karɓi lambar Vautrin Lud, babbar lambar yabo ta duniya a fannin labarin ƙasa, a 2017, ya rasu a 2022. Reuben Udo, shi ma na Ibadan, ya yi suna da aikinsa kan yankunan Najeriya da yawan jama'a. Ɗaliban da waɗannan malamai suka yaye su ne suka bazu suka riƙe sassan fannin a sababbin jami'o'i.

Zariya da Kano

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma a shekarar Michael Mortimore ya zo Zariya yana matashin malami. Ya zauna har 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin farfesa, inda ya kai 1986. Aikin da ya fi tasiri a kan binciken ɗaliban arewa shi ne nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, wadda ke cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma.

Tunanin da ya yi rinjaye a wancan lokaci shi ne idan mutane suka yi yawa gona ta mutu, itatuwa su ƙare. Abin da aka tarar a ƙauyukan Kano ya saɓa wa haka. Manomi na noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, amma yana ciyar da ita da takin tumaki da awaki da tokar murhu. Da rani jakuna na shigar da itace birni, su dawo da mangala cike da shara da taki a zuba a gona tuli-tuli. Ana haɗa gero da dawa da wake ko gyaɗa a kunya ɗaya, harawa ta zama abincin dabbobi. Gawo, ɗorawa, kuka da tsamiya suna tsaye cikin gonaki, kowace da mai ita, ana sassabe reshe ba a sare gindi. Masu binciken sun gano haka ne ta hanyar auna gonaki da ƙafa, ƙirga itatuwa, da zama da magidanta ana lissafin damman da aka samu.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, Mortimore ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri na Mangawa shekara bayan shekara, yana rubuta yadda gidaje ke jure wa yunwa: cin rani, sayar da dabbobi, ƙananan sana'o'i, da komawa ga ganyayen daji. Wannan salo na bin ƙauye guda na tsawon lokaci shi ne gado mafi daraja da sassan arewa suka samu, ko da yake ɗalibin da ke da shekara biyu kacal ba ya iya bin sa sosai. A Bayero kuma E. A. Olofin ya yi nazarin yadda madatsar ruwa ta Tiga ta sauya kogin Kano, batun da ya ja ɗalibai da dama zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru.

Har yanzu masana ba su daidaita ba kan ko hamada na matsowa kudu a kai a kai, ko kuwa tana gaba tana baya ne gwargwadon ruwan sama da yadda ake sarrafa ƙasa.

Tsarin karatu

Yawancin jami'o'i na neman digirin farko mai daraja ta biyu, a labarin ƙasa ko fanni makusanci, tare da shaidar bautar ƙasa. Mai daraja ta uku, ko wanda ya fito daga wani fanni, kan fara da babbar difloma. A digiri na biyu ana yin kwasa-kwasai kan tarihin tunanin fannin, hanyoyin bincike da ƙididdiga, sannan ɗalibi ya zaɓi ɓangarensa. Daga nan ya gabatar da shawarar bincike a gaban malaman sashe, ya fita fili tattara bayanai, ya rubuta kundi a ƙarƙashin malami mai duba shi, ya kare shi da baka a gaban mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. A rubuce, digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na uku kuma aƙalla shekara uku. A aikace yakan zarce haka, saboda ƙarancin malamai masu duba kundi, kuɗin fita fili da galibi ɗalibi ke biya daga aljihunsa, da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas.

Fita fili na da ladubbansa. Kafin a raba takardar tambayoyi ko a haƙa rami don ɗibar samfurin ƙasa, sai an je an gaida dagaci ko mai unguwa an bayyana abin da ke tafe da mutum, domin baƙo mai awon gona yakan sa manomi zargin ana shirin ƙwace masa ita. Matsalar tsaro ta rage wuraren da ake iya zuwa a arewa maso gabas da arewa maso yamma.

Kayan aiki

A da, masu bincike sukan ɗora hotuna biyu na sama a ƙarƙashin madubi mai ido biyu, tudu da kwari su taso kamar a taɓa, a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya da fensir. Tauraron ɗan Adam na Landsat na farko, mai ɗaukar hoton doron ƙasa, ya tashi a 1972, shekarar da aka kafa cibiyar horo kan safiyo daga sama a Ile-Ife, wadda yanzu ake kira AFRIGIST. Najeriya ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, a 2003. Tun da aka mai da hotunan Landsat kyauta a 2008, kundaye masu kwatanta sauyin amfani da ƙasa ta manhajojin taswira na ArcGIS da QGIS suka yawaita ƙwarai. Wasu malamai na kokawa cewa ana rubuta kundi a kan yankin da ɗalibi bai taka ba.

Nijar

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ana bin tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci: shekara uku a digirin farko, biyu a na biyu, uku a na uku. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana horar da ƙwararru kan yanayi, ruwa da noma, binciken farfaɗowar itatuwan gona a jihohin Maraɗi da Damagaram kuma ya yi kusa ƙwarai da na Kano.

Bayan kammalawa

Da yawa kan shiga koyarwa. Sauran na aiki a hukumomin ƙidayar jama'a, hasashen yanayi, tsara birane, filaye da safiyo, da ƙungiyoyin agaji.