Masu Niyyar Taka Keke Daga Legas Zuwa Abijan, Ku Kula da Zafin Bakin Teku

Samarinmu sun shiga harkar doguwar tafiya a kan keke, kuma hanyar da ke jan hankalin wasunsu ita ce wadda ta bi gaɓar teku daga Legas ta Badagiri, ta shiga Benin a Seme, ta ratsa Kwatano da Lome, ta faɗa Gana a Aflawo, ta wuce Tema da Akara da Takoradi, ta ƙare a Abijan ta Kwaddibuwa. Ƙasa biyar ke nan a cikin kilomita 1,000 da 'yan kai. Ga hanya shimfiɗaɗɗiya a mafi yawan wurare, ga zangunan Hausawa a manyan garuruwan, inda baƙo ba ya rasa masallaci da tuwo. A matsayina na ma'aikacin lafiya ba na hana kowa wannan tafiya, don taka keke na gyara zuciya da huhu. Sai dai akwai abin da ɗan Arewa ke rainawa a can, kuma shi ne ya fi saurin kayar da shi.

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yakan ce ai shi ya san rana. Gaskiya ne, ma'aunin zafi a garinsu yakan haura 40 a watan Afrilu, alhali a Kwatano da wuya ya wuce 33. To amma zafin namu busasshe ne. Gumi na fitowa iska za ta shanye shi, kuma bushewar nan ita ce ke sanyaya jiki. A bakin teku iskar ta riga ta cika da danshi, ba ta da wurin karɓar naka. Gumin sai ya yi ta kwarara, riga ta jiƙe sharkaf, jikin kuwa bai huce ba. Kamar shanya ce a tsakiyar damina. Mai taka keke a wannan yanayi yana iya zubar da lita guda na gumi cikin awa ɗaya, ko ma fiye, kuma gishirin jikinsa na tafiya tare da ruwan.

Jiki yana sabawa, amma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka kada ka sauka daga mota a Legas yau, gobe ka ce sai Kwatano. Kwanakin farko ka yi gajeriyar tafiya. Ka tashi da an idar da sallar asuba, ka nemi inuwa kafin rana ta take, ka koma kan sirdi bayan la'asar, ka kuma sauka kafin magariba. Wanda ya nufi yamma ya sani cewa yawanci iskar teku ta gaba take bugo shi, kuma da rana take ƙara ƙarfi, don haka sammako riba biyu ne.

Batun sha kuwa, ruwa zalla bai isa ba. Wanda ya yini yana gumi yana ɗirkar ruwa babu gishiri babu abinci, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya kamu da ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, abin ya daɗa lalacewa. Ka riƙe ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, a jaka, kowane kemis na sayar da shi. In ya ƙare, ka haɗa da kanka: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan ɗanyar kwakwa da ake sayarwa a gefen titi tun daga Badagiri yana da kyau, amma gishirinsa kaɗan ne, ka haɗa da abinci. Fitsarinka shi ne ma'auninka. In yana fita fari-fari, lafiya lau. In ya yi kaɗan ya yi duhu, ka tsaya ka sha. In kuwa ya koma kalar baƙin shayi ga tsamin jiki mai tsanani, asibiti za ka nufa a ranar, don alama ce ta naman jiki ya raunata kuma ƙoda na cikin haɗari.

Ku riƙa lura da juna in kuna tafiya a ƙungiya. Jiri da kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa gargaɗi ne, hutu a inuwa da ORS kan warware su. Amma abokin tafiyar da ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa faɗin inda yake, jikinsa ya yi zafi rau, wannan zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana kisa. A cire masa kaya, a kwarara masa ruwan sanyi ko'ina, a yi ta fifita, a nemi mota a lokaci guda. Kada a ɗura masa ruwa a baki in hankalinsa ya gushe.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙwaya. Wasu na haɗiyar tiramol wai don ƙarfin ƙafa. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, kashe jin ciwo yake yi, ya rufe maka ƙofar da jiki ke yi maka gargaɗi ta cikinta, kuma yana jawo farfaɗiya. Ka dubi mai farfaɗiya a gefen titin da tireloli ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Lome. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen su ma suna cutar da ƙoda in jiki ya bushe. Mai sikila, mai hawan jini da mai ciwon sukari, kowannensu ya ga likita kafin ya ɗaura kaya. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin Ramadan ya tuna cewa addini ya yi wa matafiyi rangwame, ko kuma ya ɗage tafiyar.

Teku zai yi ta kiranka, musamman in ka gaji. Gaɓar nan, daga Garan-Fofo ta Benin har Lome, tana da igiyar ruwa mai janye mutum zuwa ciki, tana cinye har waɗanda suka iya iyo. Iya ninƙaya a kududdufi ko kogi bai sa ka san teku ba. Ka tambayi masunta, in sun ce a'a, ka tsaya a kan yashi. Ruwan daɗi mai kwanciya, irin na yankin kogin Bolta, shi kuma tsargiya ce a cikinsa.

Sauran a gurguje. Ana tambayar katin rigakafin zazzaɓin shawara a kan iyakoki. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan an yi allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka sa hular kwano da riga mai ɗaukar ido. Ka wanke wandon tuƙi kullum ka bar shi ya bushe, don a danshin nan 'yar gogewa a matsematsi kan zama maruru. Kare ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu minti 15, ka je a yi maka allura. Babbar daminar gaɓar tana sauka tsakanin Afrilu da Yuli, ka tsara tafiyarka da sanin haka.

Sauro kuma a can ba ya jiran damina, duk shekara yana nan. Ka tafi da gidan sauronka, ka kafa shi ko a harabar masallaci ka kwana. Zazzaɓi ya kama ka a hanya, kada ka ce gajiya ce ko rana, a gwada jininka a ranar. Cutar zazzaɓin cizon sauro takan ɗauki mako ɗaya ko fiye bayan cizo kafin ta bayyana, saboda haka tana iya biyo ka har gida. In jikinka ya yi zafi bayan ka dawo, ka gaya wa ma'aikacin asibiti ƙasashen da ka ratsa da ruwan da ka shiga.