Sokej, riƙon gonar 'ya'ya masu 'yanci a tsohuwar Ingila

Sokej wani tsari ne na riƙon ƙasa a Ingila ta zamanin da, inda mutum ɗa, ba bawa ba, yake riƙe gona a ƙarƙashin wani ubangida yana biyan shi abu sananne wanda ba ya canjawa. Tun da Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ƙasa duk ta zama ta sarki, shi ke raba wa manya su kuma su ba na ƙasa da su.

Abin da ake biya

Galibi kuɗin haya ne duk shekara, ko wasu 'yan kwanaki na huɗa da girbi da aka yanke tun farko, wani ma laba ɗaya ta masoro kawai yake kaiwa, ko safar hannu, ko fure guda. To a nan fa darajar tsarin take. Talakan da ke ɗaure da gandun ubangida bai san aikin da zai wayi gari da shi ba, shi kuwa mai sokej ya san iyakar abin da ake bin shi, ba a tilasta mishi fita yaƙi na kwana 40 kamar barade masu riƙon ƙasa a madadin aikin soja, kuma tun wajen 1166 zamanin Sarki Henri na biyu in aka ƙwace mishi gona da ƙarfi yana iya kai ƙara kotun sarki.

Gado

Magaji yakan biya hayar shekara ɗaya kafin ya karɓi gona. In maraya ne ƙarami, ɗan'uwan da ba shi da rabo a gadon shi ke riƙon shi har ya kai kamar shekara 14, don kar kwaɗayi ya sa a cuce shi. A yankin Kent 'ya'ya maza raba gonar suke daidai wa daida.

Tarihi

Kundin ƙidayar ƙasa na 1086 ya nuna irin waɗannan manoma sun fi yawa a gabashin Ingila, inda 'yan Denmak suka taɓa zama. Ko jikokinsu ne, masana ba su daidaita ba. A 1290 dokar Sarki Edward na ɗaya ta ba su damar sayar da gonarsu ba sai da izinin ubangida ba, sai dai mai saye ya ɗauki nauyin da ke kanta. A 1660 majalisa ta soke riƙon ƙasa na aikin soja ta mayar da shi sokej.

Tsarin ya bi Turawan Ingila har Amurka da Kanada.