Ɗaukaka ƙara idan an hana yaro gurbin makaranta a Ingila

A Ingila in aka hana yaro gurbi a makarantar gwamnati da iyayensa suka nema masa, doka ta ba su damar ɗaukaka ƙara, wato afil, kuma kyauta ne. Tushen wannan haƙƙi dokar makarantu ce ta 1998, sai kundin ƙa'idojin afil da sabon bugunsa ya fara aiki 1 ga Oktoba 2022, shi ne ma ya halatta a yi zaman ta bidiyo.

Sakamakon admishan na sakandare na fitowa 1 ga Maris, na firamare 16 ga Afrilu. Wasiƙar da aka ƙi yaro dole ta faɗi dalili, sannan a ba iyaye aƙalla kwanakin makaranta 20 su shigar da ƙorafinsu a rubuce. Ana sanar da su ranar zama tun da sauran kwanakin makaranta 10, kuma dole a saurari ƙarar cikin kwanakin makaranta 40 bayan rufe karɓa.

Ba makarantar ce ke yanke hukunci ba. Kwamiti ne mai zaman kansa na mutum aƙalla 3, a ciki akwai wanda ya san harkar ilimi da kuma wanda bai taɓa aikin koyarwa ko shugabancin makaranta ba, ga magatakarda yana rubuta komai.

Zaman hawa biyu ne. Da farko makaranta za ta nuna cewa ta bi ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai daidai, kuma ƙarin yaro zai jawo matsala ga karatun sauran, ba wai kawai ta ce "mun cika" ba, sai ta kawo hujja, kamar ƙarancin azuzuwa ko malamai. In ta gamsar da kwamiti sai a shiga hawa na biyu, a auna wanne ya fi nauyi, cutuwar da makaranta za ta yi ko wadda yaron zai yi in bai shiga ba. Nan fa iyaye da yawa ke yin sake, su ɓata lokaci suna kushe makarantar da aka ba su a maimakon wadda suka nema, alhali abin da kwamiti ke son ji shi ne me ya sa makarantar da suke nema musamman ta dace da wannan yaron, misali takardar likita kan lalurar da ke hana shi doguwar tafiya, ko wani darasi da nan kaɗai ake koyarwa.

Inda abin ya fi tsauri shi ne azuzuwan farko na 'yan shekara 5 zuwa 7, don doka ta hana aji ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. A nan tausayi ba ya aiki, sai in an tabbatar an yi kuskuren da ya hana yaron gurbinsa, ko hukuncin ya saɓa wa hankali ƙarara. Gaskiya ya kamata a riƙa faɗa wa iyaye wannan tun da wuri kafin su ɗora rai.

Hukunci na zuwa a rubuce, yawanci cikin kwanakin makaranta 5, kuma in iyaye suka ci dole makaranta ta ɗauki yaron. In sun faɗi, sunansa zai iya ci gaba da zama a jerin masu jira. Wanda ke ganin ba a bi tsari ba wajen zaman zai iya kai kuka ofishin sauraron koken jama'a kan ƙananan hukumomi, ko ma'aikatar ilimi in makarantar akadami ce, wato ta gwamnati da ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, amma iyakarsu su nemi a sake zama, kotu ce kaɗai ke iya soke hukuncin.