Ciwon ƙugu mai tushe a ƙashin baya

Wannan ciwo yana tasowa ne daga gaɓoɓin ƙashi biyar na ƙasan gadon baya, waɗanda likitoci ke kira L1 zuwa L5, ko kuma daga faifan guringuntsin da ke tsakaninsu. Su ke ɗauke da nauyin gangar jiki, shi ya sa suka fi saurin sidewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a iya jingina ciwonsu ga wata takamaimiyar cuta.

Tarihi

Tarin fuka na ƙashin baya tsohon ciwo ne, domin an ga alamunsa har a busassun gawarwakin tsohuwar Masar. A 1779 wani likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, ya bayyana yadda cutar ke cinye gaɓoɓin har su rufta, doro ya fito, ƙafafu su shanye, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Wajen 1880 aka fara bayanin gwajin ɗaga ƙafa don gano dannewar jijiya, ko da yake an yi saɓani kan wanda ya riga kawo shi. Bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, sai Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suka soma tiyatar haɗe gaɓoɓi a Niyok a 1911. A 1934 William Mixter da Joseph Barr na Bostan suka nuna cewa faifan da ya goce daga mazauninsa yana iya danne jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa.

Gano ciwon

Likita yakan kwantar da majiyyaci rigingine, ya ɗaga ƙafarsa a miƙe sannu a hankali. Idan zogi ya tsarga daga ƙugu ya wuce gwiwa, ana zargin dannewar jijiya, galibi tsakanin L4 da L5 ko a ƙarƙashin L5. Hoton ƙashi yana nuna karaya da zamewar gaɓa, MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ke fito da faifai da jijiyoyi. Ba kowa ake yi wa hoto ba, tunda mutane da yawa suna da bultsattsen faifai ba tare da wani ciwo ba.

Zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafa, da kasa riƙe fitsari ko bayan gida alamu ne da ba sa jira. A ƙasar Hausa an saba ɗora ciwon ƙugu kan basir ko sanyi, a yi ta jiƙo da ƙaho, abin da kan jinkirta gano tarin fukan ƙashi har doro ya bayyana.

Magani

Yawanci ciwon yana lafawa cikin makonni kaɗan da motsa jiki, gashi da magungunan rage kumburi. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa. Tarin fukan ƙashi yana buƙatar magani na aƙalla wata 6, sau da yawa har shekara. Ana yin tiyata idan ƙafa tana ƙara rauni ko fitsari ya ƙwace. Haɗe gaɓoɓi saboda sidewar faifai kaɗai kuwa, likitoci ba su daidaita a kansa ba.