In Za A Rage Tuwo, Kada A Rage Ruwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40 tun kafin la'asar, wata Hajiya ta shigo ɗakin awonmu tana dafa bango. Leɓɓanta sun bushe har sun tsage, tana kukan ciwon kai da jiri. Duk da haka, kafin ta zauna sai ta ce mini da fara'arta: "Ɗiyata, kilo 3 na zubar cikin mako guda."

Na ce, "Hajiya, tun safe kun sha ruwa kuwa?"

Ta ce rabin moɗa, shi ma don ta haɗiye ƙwayar magani. A wajen biki aka gaya mata wai ruwa ne ke ajiye tumbi. Sai ta rage tuwo, ta rage ruwa, ta kama shan jiƙon filasko safe da yamma. Da na ba ta kwalba ta kawo fitsari, sai ga shi ɗan kaɗan, ya yi duhu kamar shayin farko.

Yawancin kilo ukun nan da take murna da su ruwan jikinta ne. Jikin babba fiye da rabinsa ruwa ne. Akwai kuma sukarin ajiya da jiki ke tarawa a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da mutum ya rage abinci, wannan ajiyar jiki ke fara ci, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Shi ya sa sikeli ke saurin sauka a makon farko, daga baya ya cije. In aka haɗa da filasko ko shayin rage ƙiba na 'yan talla, wanda galibi zawo yake sawa, sikeli zai ƙara sauka, amma kitse yana nan daram. Ranar da aka sha ruwa aka ƙoshi, kilo ya dawo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu sayen maganin sa fitsari irin su Lasilix a bakin hanya don su rame. Wannan magani ne na masu ciwon zuciya da kumburi, yana kwashe gishirin jini, yana iya kai lafiyayye ƙasa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: abinci kansa yana ɗauke da ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da ke shiga jikinmu ta abinci yake shiga, a wurinmu masu miya da kunu da fura ma yakan fi haka. Wanda ya raba kwanon tuwonsa biyu ya rage ruwa ke nan bai sani ba. Daga nan sai bayan gida ya yi tauri, kai ya riƙa sarawa, jiki ya mutu, mutum ya ce rage cin abinci bai karɓe shi ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da ke jawo tsakuwar ƙoda.

Ruwa ba ya narkar da kitse. Na zafi ba ya yi, wanda aka matsa wa lemun tsami ma ba ya yi, na sanyi kuma ba ya sa tumbi, don ruwa ba shi da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ko ɗaya. Taimakonsa ta wata hanya yake zuwa. A 2015 masu bincike a jami'ar Birmingham ta Ingila sun gwada mutum 84 masu ƙiba. Waɗanda aka sa su sha rabin lita na ruwa minti 30 kafin cin abinci sun fi sauran raguwa da kimanin kilo 1.3 cikin mako 12. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma ribar ƙafa ce, ba a kashe ko dala ba. Ciki ya ɗan ɗauki ruwa, loma sai ta ragu.

Babbar ribar kuwa tana wajen abin da ruwa ya maye gurbinsa. Ƙishirwa ta kama mu da rana, hannu ya kai ga lemun kwalba ko bisab ɗin leda mai ƙanƙara. Gwangwanin Coca-Cola guda na santilita 33 yana da sukari kusan giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Gwangwani ɗaya ya cinye fiye da rabin rabon yini. Maza kuma kar ku ce wannan zancen mata ne. Na zauna kusa da fadar ƙannena na ga yadda ake zazzaga sukari a butar shayi: na farko, na biyu, na uku, in baƙo ya zo a ɗora sabo. Mai tumbin da ke zama fada biyu a yini ya fara gyara daga wannan butar.

Fura fa? Fura abinci ce, mai kyau ma, da ita aka rene mu a Adar. Sai dai in an dama ta da sukari an sha kwano guda, a lissafa ta a cin abinci, kada a ce ƙishirwa aka kashe sannan a jawo kwanon shinkafa.

To nawa za a sha? Ma'aunin da ake bayarwa a ƙasashen Turai shi ne lita 2 ga mace, lita 2.5 ga namiji, har da ruwan cikin abinci. Wannan na masu sanyi ne. Ɗan kabu-kabu da ke yini a rana, ko matar da ke gaban murhu a bazara, buƙatarsu ta wuce nan. Da hunturu ma iska na busar da jiki ko ba a ga gumi ba. Abin da nake koya wa mutane shi ne duba fitsari: in ya fito fari-fari mai ɗan rawaya, ruwa ya isa, in ya yi duhu da wari, a ƙara. Mai son abin tuni ya ɗaure shan ruwa da lokutan salla, moɗa guda bayan kowace, da wata kafin kowane cin abinci. A sha kaɗan-kaɗan. Kwankwaɗar lita 3 a zama ɗaya haɗari ne, ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce kusan lita guda a awa, ragowar sai ya tsinke gishirin jini. Ruwan kuma ya zama mai tsabta. In na rijiya ne ko na tafki, a tafasa ko a sa Aquatabs (ƙwayar tsabtace ruwa), a rufe randa, moɗar ɗiba ta zama daban da ta sha.

Akwai waɗanda wannan shawarar ba tasu ba ce. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa ya tsaya a kan abin da aka ce masa. Mai ciki da mai goyo su sha ruwa sosai, amma su ajiye batun rage ƙiba sai sun ga ungozoma. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ga ƙishirwa ba ta yankewa, ga fitsari dare da rana, kada ya yi murna. Ya zo a auna sukarin jininsa.

Ita Hajiya mun zaunar da ita a inuwa, ta sha ruwan gishiri da sukari a hankali har jirin ya lafa. Na roƙe ta ta zubar da filaskon, ta bar lemun kwalba, ta riƙa taka ƙafa bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Bayan mako biyu ta dawo awo da gorar ruwanta a jaka. Kilo biyu daga cikin ukun sun dawo, ranta bai so ba, sai da na sake yi mata bayani tun daga farko. Ciwon kan kuwa ya tafi, mun sa ranar awo na gaba ƙarshen wata.